Ruwan Ladan Ma Pyon

Duk wanda ya taso a kasuwar bakin kogi ta Myingyan ya san Daw Thaung mai sayar da taliyar mohinga. Wanda bai ci taliyarta da romon tarwaɗa ba, to ya ci zaginta. A ƙuruciyarta, in ka ce romo ya yi ruwa sai ta tambaye ka ko a gidanku an taɓa ganin kifi ido da ido. Mutane ba su fasa zuwa ba, don romon ya kai a jure masa.

Tana da shekara arba'in da biyar mahaifiyarta ta rasu, bayan shekara tara a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ita kaɗai ta yi jinyar. Ƙanwarta Ma Pyon ta bi wani ma'aikacin jirgin ƙasa zuwa Yangon tun ciwon bai shekara ba, ba ta kuma waiwayo ba sai kwana uku bayan an ƙona gawa. Abin da yayar ta faɗa mata a bakin ƙofa ranar, har masu kwale-kwale sun ji. Ma Pyon ta juya da jakarta, ko ruwa ba ta sha ba.

Daminar nan Daw Thaung ta kife tukwane, ta hau tudu zuwa gidan sufaye, ta shiga halwar kwana goma. A can ba magana, ba cin abinci bayan rana ta take. Ka zauna awa guda kana lura da cikinka yana tashi yana sauka, ka miƙe ka yi tafiyar hawainiya awa guda. Duk abin da ya taso maka sai ka ambace shi a zuci ka bar shi ya wuce: ƙaiƙayi, ƙaiƙayi, tunani, tunani. Buddha ya koyar da cewa wuta uku ke cin mutum, kwaɗayi da fushi da ruɗi, ita kuwa ba sai an gaya mata wacce ce tata ba.

Damina ashirin tana wannan hawan, har kasuwa ta manta da tsohon bakinta. Ranar da wani mai babur ya ture mata tukunyar romo tun da sassafe, 'yan kasuwa suka toshe kunne, amma sai ta dubi romon yana bin kwata, ta ɗauko tsintsiya. Daw On mai sayar da furanni, wadda rumfarsu ke jere tun suna 'yan mata, ba ta ji daɗin wannan canji ba.

"Ni fa na fi son ki da," in ji ta. "Da in kin zage ni na san inda na tsaya. Yanzu sai ki yi ta kallon mutum kamar saniyar da ta ƙoshi."

Daw Thaung ta yi murmushi, ta ce a zuci, ji, ji.

A halwa, kowace safiya ana zuwa gaban Sayado, babban sufin gidan, a faɗa masa abin da aka gani a zaune. Ita abin kirki take kai masa: yau haske ya cika mata ido, gobe jikinta ya yi sakayau kamar auduga. Kullum amsarsa ɗaya ce, ta lura da shi ta bar shi ya wuce. Ta ɗauka rowar yabo ce irin ta manya. A ranta ta riga ta gama lissafi cewa wutar fushinta ta mutu murus, farkawa irin ta Buddha ma ba ta da nisa. Ba ta faɗa wa kowa ba, don faɗin girman kai ne, ita kuwa ta san ba ta da girman kai.

Ana nan sai ga Ma Pyon a ƙofar gida, ta rame ta ƙanjame, miji ya mutu, ba ɗa ba jika, ga ciwo a ciki da likitoci suka sallama. Daw Thaung ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin da uwarsu ta kwanta. Wata huɗu tana dama mata kunun shinkafa, tana wanke mata zani, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Gari ya ɗauka da yabo. Abin da ba wanda ya lura da shi, har ita kanta, shi ne ko sau ɗaya ba ta kira sunan ƙanwar ba. Daga "ga kunu" sai "juya in goge miki baya".

Wata rana da hantsi tana ba ta kunu, Ma Pyon ta kawar da cokalin.

"Yaya, don girman iyaye ki gaya mini. Inna ta tambaye ni kuwa kafin ta tafi?"

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji Daw Thaung cikin taushin murya. "Riƙe shi wahala ne. Ki lura da numfashinki."

Ma Pyon ta juya fuska bango. Ba ta sake tambaya ba, sati biyu bayan nan ta cika.

Kwana na bakwai da rasuwa shi ne abin ji. Kowa ya san mamaci yakan tsaya ragaita a gefen gida, wani ma bai san ya mutu ba, har sai danginsa sun ciyar da sufaye, sun ɗiga ruwa, sun kira shi da sunansa sun ba shi ladan, ya ji ya yi murna, sannan ya sami abin tafiya. Wanda ba a kira ba haka zai yi ta tsayuwa da yunwa. Ma Pyon kuwa duk duniya jininta ɗaya ya rage.

Daw Thaung ta yi girkin da ba ta taɓa yi ba. Sufaye biyar suka ci suka wanke hannu, Sayado ya yi wa'azi, maƙwabta suka cika tsakar gida. Aka ajiye mata ƙaramar buta da kwanon azurfa. Ta durƙusa ta fara ɗiga ruwan, Sayado yana faɗa tana maimaitawa. Ta ba iyaye lada, ta ba malamai, ba gargada. Sayado ya ce, "Ladan nan ya kai ga Ma Pyon," ya dakata.

Ba ta maimaita ba. Sai ƙarar ɗigon ruwa a kwano.

Ya maimaita. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Wani zafi ya taso mata daga ciki ya bi wuya har kunne.

"Ke, Thaung," Daw On ta zungure ta da gwiwar hannu. "Barci kike ko halwar ce ta motsa? Ruwan zai ƙare fa!"

Ya kuwa ƙare. 'Yan baya suna ta leƙe. Sayado ya sa aka sake cika butar, ya dube ta kamar safiyar halwa ce.

"Me kike gani?"

"Fushi, ranka ya daɗe." Ta dubi kwanon. "Yana nan yadda yake. Ko kaɗan bai rage ba."

"To. Shekara ashirin kina kawo mini haske, yau kin kawo mini kayan aiki. A ina yake?"

"A ƙirji."

"Zauna da shi, kada ki kore shi. Me ke ƙarƙashinsa?"

Ta runtse ido. Shekarun zaman ba su tafi a banza ba, don sun koya mata ta tsaya ta duba ko da abin ba ya dubuwa. Ta ga la'asar ɗin da uwarsu za ta cika. Tsohuwar ta lalubo kan Daw Thaung da hannun da ke motsi, ta shafa, fuskarta ta washe yadda ba ta taɓa washewa ba cikin shekara tara, ta ce, "Pyon, kin zo?" Ita kuma, da hannunta duk sabulun wankin zani, ta ce, "Na zo, Inna." Wannan ne abin da ta ɗauka ta hau tudu da shi, ta zauna a kansa damina ashirin. Ta kuma gane cewa ranar kunun nan ba koyarwar Buddha ta ba ƙanwarta ba. Hana ta ta yi, da gangan, kuma ta ji daɗin hanawar. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ranka ya daɗe, ladan mai fushi yana zuwa kuwa?"

"Shinkafar da kika ba mu ta ƙosar da mu," in ji Sayado. "Ɗiga ruwanki."

Ta karkata butar. Ba ta jira ya faɗa ta maimaita ba.

"Pyon. Ke Pyon, in kina nan ki ji. Inna ta tambaye ki. Ke ta kira, ba ni ba. Na ce mata kin zo, ta tafi tana murna." Ta ƙara karkata butar. "Ga ladan, duk ki ɗauka."

Jama'a suka ce madalla sau uku, kamar yadda ake yi, Daw On tana share hanci da gefen mayafi. Daw Thaung ba ta tashi ba. Ta kasa kunne wajen ƙofar ɗakin da tabarmar take a naɗe, ta daɗe tana saurare. Ko an ji ko ba a ji ba, ba ta sani ba, ba kuma mai gaya mata. Wata huɗu cur Ma Pyon tana kwance da ranta da kunnenta a ɗakin nan, taku uku daga murhunta.