Ludayi Guda Na Ba Akawal

Jama'a, yau saura ƙiris in kashe dokin Baba!

Akawal ne, mai juya mana injin matse rake. Ko ƙarar babur ya ji sai ya zabura. Na sayo masa garin kwantar da hankali a Hunkuyi. Mai maganin ya ce cokali ɗaya. Ni kuwa na dubi girman doki, na zuba ludayi guda a dusa.

Da hantsi na iske shi kwance, ko motsi!

Baba ya zo a guje. "Nawa ka ba shi?"

"Ludayi, Baba."

Ya ɓaro mazarƙwaila ya kai masa hanci. Wallahi sai Akawal ya miƙe, ya lashe, ya kama zagaye ba a ma ɗaura shi ba! Alhamdulillahi!

Baba ya harare ni. "Ragowar garin, kai za ka sha."