Lebura da Rabin Kwano

Babana mai gyaran kujeru ne. Shekara arba'in da wani abu ke nan yana ɓare tsofaffin kushin, ya fitar da ruɓaɓɓen soso, ya sa sabo, ya ja yadi ya buga ƙusa. Shagonsa shi ne ɗakin farko na gidanmu, mai kallon titi, kuma duk layin ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Kushin. A baki yake ajiye ƙusa in yana aiki, uku ko huɗu, shi ya sa tun muna yara muka saba da amsa ta hanci. Ko ya fitar da ƙusar ma, bambancin ba shi da yawa.

Duk wanda ke ajiye soso da auduga dole ya ajiye mage, don ɓera ba inda yake son haihuwa kamar cikin kujerar mutane. Mage biyar Baba ya yi a tsawon aikinsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma dukkansu sunansu ɗaya: Lebura. Ta biyar ɗin toka-toka ce mai farin ƙirji, kunnenta na hagu a tsage. Shekara tara tana tare da shi. Ba a tsare ta, yawonta take yi a layi, amma kullum da safe in ya buɗe shago tana zaune a bakin ƙofa kamar mai jiran a kira suna.

Yana da ƙa'ida a kanta: rabin kwano, sau ɗaya a rana. Ya yi imani, irin imanin da ba ya karɓar musu, cewa magen da ta ƙoshi ba ta kama ɓera. Har layi ya ja a cikin kwanon da jan fenti, kada hannu ya zarce.

Ba mage kaɗai ba, mu ma haka aka rene mu, ni da yayana. Ba talauci ba ne, aiki bai taɓa yanke masa ba. Da wani tsohon gwangwanin madara yake auna wa Mama shinkafa, ya shafe saman da yatsa. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba mu kuma taɓa tashi daga kwano muna nishi ba. Yabo ma da gwangwanin nan yake auna shi. Ranar da na zo ta biyu a aji, ciro ƙusa ya yi daga baki ya tambaye ni wa ya zo na ɗaya. Yaya ya koyi aikin a hannunsa har ya fi shi, in za a faɗi gaskiya, amma bai taɓa jin madalla ba. Yana cika ashirin ya bi motar kaya. Yanzu direba ne a can nesa, ni yake bugo wa waya ya tambayi lafiyar tsohon.

Mama ta rasu shekara bakwai ke nan. Ni ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a ɗaya gefen gari, ina zuwa duk Asabar. In yi masa wanki, in jera masa ƙwayoyin hawan jini a 'yar akwati mai gida bakwai, in share tsakar gida, in tafi. Ban ƙi shi ba, ba na kuma ɗokin zuwa. Asabar ce kawai. In aka cire masu kawo kujera, Lebura ce kaɗai ta rage mai zuwa ƙofarsa da ƙafarta, ba don ranar ta zagayo ba.

Gidan da ke bayan katangarmu ya daɗe a rufe, sai bara wasu tsofaffi biyu suka tare a ciki, miji da mata. Shi tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, ba ya magana sai an matsa. Ita kuwa shekara talatin ta yi tana dafa wa ɗalibai ɗari huɗu abinci a makarantar kwana, har ta yi ritaya hannunta bai koyi dafa na mutum biyu ba. In ta ce yau kaɗan za ta ɗora, na mutum goma ne. Cikin wata ɗaya masu shara da mai gyaran famfo da kajin layi duk sun san ƙofarta. Mama Kuku ake ce mata.

A saman katangar da ta raba mu an jera fasassun kwalabe, sai wuri ɗaya kusa da famfo inda bulo biyu suka faɗi tun ina firamare. Ta nan Lebura ta fara tsallakawa. Na san wurin sarai, don ni ma ta nan nake bi. A wancan lokacin wata mai wanki da guga ce a gidan, 'ya'yanta biyar, ba ta ƙirga hannu a kwano. Nakan dawo in goge baki da gefen riga, in zauna in cinye rabona na gida kamar ban ga komai ba tun safe. Na girma ina ganin ni na fi kowa wayo.

Ƙiba Baba ya fara lura da ita, ba rashin zuwa ba. Wata Asabar na same shi yana kallon magen kamar yadda yake kallon kujerar da wani ya gyara ba daidai ba. Ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake yi. Daga nan ta fara makara. Sai ta zo ta shinshina rabin kwanon, ta juya. Sai kuma ta daina zuwa, a yi kwana uku ba a gan ta ba sai a saman katanga. Ranar da ya ɓare hannun wata doguwar kujera ya tarar da 'ya'yan ɓera jajaye guda shida a cikin sabon soso, ya jira Asabar. Shi ba ya shiga gidan mutane.

"Auta, shiga ki gaya musu magen nan tana da aiki."

Na shiga da sallama. Lebura tana kwance a falo, ƙafafu a sama, a kan kujerar da Baba da hannunsa ya sake wa yadi lokacin da suka tare. An ɗaura mata jan zare a wuya da 'yar ƙararrawa, yadda ko kurman ɓera zai ji zuwanta. A gidan nan Gimbiya ce sunanta. Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni, ta mayar.

Na isar da saƙon yadda aka ba ni, na ɗan rage masa kaifi. Mama Kuku ba ta yi fushi ba.

"'Yata, ni fa ban kira ta ba. Zuwa ta yi ta zauna tana kallona ina gyaran kifi, haƙarƙarinta duk a waje. Me zan ce mata? Ta je ta zo da takarda daga wurin maigidanta?"

Duk da haka ta ce za ta daina, tunda dattijo ya yi magana. Ta juya ta gargaɗi mijinta, ya gyaɗa kai. Kafin in miƙe sai na ga faranti a cinyata, shinkafa da kifi har yana zuba. Na ce na ci kafin in fito. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Na cinye tas. Da na koma na ce wa Baba sun ce za su daina. Ya dubi bakina, ya mayar da ƙusa nasa bakin.

Alƙawarin kwana uku ya yi. Magen ta kafa zama a ƙofar kicin ɗinsu tana kuka tun safe har yamma, kuma mijin nan marar magana shi ya fara karaya, yana miƙa mata kan kifi ta ƙarƙashin benci. Da matar ta kama shi sai ta ce to ai gara a yi a fili.

Baba ya gwada nasa. Ya kama Lebura ya rufe ta a shago kwana biyu. Ta yage masa sabon yadi, ta yi fitsari a kan soso, ta fice ta tagar da gilashinta ɗaya ya fashe. Ya sayo tarko, ɓerayen suka cinye biredin suka bar masa tarkon. Daga baya sai ya koma zama a bakin ƙofa da safe, yana buga kwanon da cokali. Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce mini da farko ya zaci wani sabon salon neman aiki ne. Har a lokacin abincin bai wuce jan layin ba.

Na ce masa a samo ƙarama, a yi Lebura ta shida, ai ba yau aka fara ba. Ya ce ba ya so. Bai ba da dalili ba, ni ma ban nema ba. Na lura dai ya rame, aikinsa ya yi sanyi, kujera ɗaya takan yi mako a kife. Na lura kamar yadda nake lura da takardar likita a wurin aiki: in karanta, in ba da abin da aka rubuta. Na so in ji tausayinsa. Na duba cikina ban sami komai ba.

A cikin makonnin nan ne na fara wani abu da ban yi shawara da kaina a kansa ba. In na sauka daga bas ranar Asabar, sai in zaga ta bayan layi in fara shiga wurin Mama Kuku, wai gaisuwa. Ba wani daɗi na musamman nake ji a can ba. Hankalina ne kawai yake kwanciya. Tana surutu, tana zuba abinci, ba ta tambayar wa ya zo na ɗaya. Ni da magen mukan zauna a falo, kowa ya san abin da ya kawo ɗan'uwansa. In na gama in wanke hannu da sabulu sau biyu, in zagayo ta titi, in shiga gidanmu kamar yanzu na sauka.

Asabar ɗin da ta wuce na shiga na tarar da kwanon Lebura a gindin katanga, daidai ƙarƙashin giɓin nan. An cika shi da kifi har ya yi tozo, ba a ma ganin jan layin. Ƙudaje sun rufe shi. Daga gani tun safe yake nan, kuma ba a taɓa ba.

Baba yana zaune a kan kujerar roba yana kallon wurin. Na ce masa tunda abin ya kai haka, a kira magini ya toshe giɓin, ranar da ta shigo a rufe, kowa ya huta.

"In na toshe tana can fa? Ta ina za ta dawo?"

Na ce ai mage ce, in ta so dawowa ta san hanya. Na ɗauki bokitin wanki. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Lokacinki ma ban toshe ba."

Na tsaya da bokitin a hannu. Mutumin da ko ƙusa ce ta leƙo a jikin ƙofa ba ya iya wucewa sai ya buga ta, shekara talatin yana wanke fuska a famfon nan, bulo biyu suna kallonsa. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ajiye bokitin.

Ya miƙe ya ce in biyo shi shago. Ya kwashe guduma da almakashi daga teburin aiki, ya shimfiɗa ragowar wani yadi mai furanni, ya ɗauko wani kwano a rufe ya ajiye a kai. Ya ɗaga murfin. Shinkafa ce da nama, da kansa ya dafa, ta mutum uku ko fiye. Ban taɓa ganin abinci mai yawan haka a gidan nan ba.

Ni kuwa cikina a cike yake har wuya. Ya dube ni, ya dubi hannuwana masu ƙamshin sabulun da ba namu ba.

"Kin ci a can."

"Na ɗan taɓa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya fara mayar da murfin a hankali, yana daidaita bakinsa kamar wani aiki ne mai wuya. Na riƙe kwanon, na jawo kujera na zauna. Shinkafar ba ta gama dahuwa ba, gishiri ya yi yawa. Na ci gaba da kaiwa baki, ina jiran in ji wani abu, kuka ko fushi ko ma mene ne. Ban ji ba, sai nauyin ciki. Yana tsaye a kaina yana kallon kowace loma.

Muna cikin haka muka ji 'yar ƙararrawar nan. Ta ƙofar tsakar gida muka hango Lebura a saman katanga, a cikin giɓin. Ta leƙo ta kalli kwanon kifin, ta kalli Baba, ta zauna tana lasar hannu. Bai motsa ba, bai kira ta ba. Da ta gama ta juya ta sauka ta wancan gefen.

Na yi wankin, na jera ƙwayoyin, na share tsakar gida. Da na ɗauki jaka ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko zan zo Asabar. Na ce ai kullum ina zuwa.

"Ki fara shigowa nan," ya ce. "Ko ruwa ne ki sha, sai ki tafi can ɗin."

Na ce to. Ina tsaye ina jiran bas na hango shi ta ƙofar da ya bari a buɗe. Ya zubar da kifin safe, ya wanke kwanon a famfo, ya sake cika shi har ya wuce layin, ya mayar gindin katanga.