Diskin Gwarzo a Sabar Kabo

Jama'a, yau saura ƙiris na shaƙe Malam Habu, abokin aikina!

Maigidanmu Alhaji ya sayo sabbin saba biyu iri ɗaya, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ɗalibai, ta cibiyar kwamfutarmu ta Kabo da ta Gwarzo. Aikinmu kawai mu ciro diskin da ke tayar da kowace tsohuwa mu sa a sabuwarta. Da muka ciro su, na ɗauko tef zan rubuta wa kowane diski suna, ya ture min hannu. Wai, "Yaushe ka fara aikin nan? Na Kabo aljihun dama, na Gwarzo na hagu."

Ya ɗaura su, sabbin suka tashi lafiya lau. Mota ta wuce da ta Gwarzo.

Ɗalibanmu na Kabo suka zauna gwajin jarrabawa, kowa ya sa lambarsa ta ƙi shiga. Na duba, sunayen 'yan Gwarzo ne reras!

Alhaji ya shigo a fusace. Habu ya nuna ni: "Shi ya rikita ni, ranka ya daɗe."

Na ce, "Alhaji, tambaye shi wanne ya sa a dama."

Mutumin nan ya tsaya yana kallon hannayensa. Wai, "Damata ko damar mai kallona?"

Wallahi gobe a goshinsa zan manna tef ɗin!