Zugazugin Baba Sylvanus

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, in ban da malamarmu, kuma ban san inji ba. Na daɗe ina jira wani babba ya rubuta wannan, har ga shi Baba Sylvanus zai koma garinsu a Gabas ran Asabar, ba wanda ya ɗauki alƙalami.

Duk mai bin hanyar Kakuri da safe ya san shi. Yakan share garejinsa da kansa, ya jera sifanu a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya leƙo maƙerar babana, Malam Isiyaku, ya ce, "Malam, wutarka ta tashi, ko ita ma ta tsufa?" Babana ya ce, "Ta girme ka, amma ta fi ka gani." Shekara ashirin ya yi yana gyaran kan jirgi a reluwe kafin ya buɗe garejin. Yanzu idonsa ya yi rauni, shi ya sa zai ajiye aiki.

Shekara biyu ke nan, a 1957, aka turo masa motar Mama Celina. Mama Celina ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, kuma da motar nan take zagaya ƙauyukan hanyar Kachia, inda yayata Dije take aure. Akwai wani tudu a hanyar. Da an ɗauki mutane, sai motar ta tsaya a tsakiyarsa tana baƙin hayaƙi. Shugabannin asibitin suka ce in wata ya ƙare ba ta hau tudun da mutum goma a baya ba, za a yar da ita, zagayen ma ya ƙare, don babu wata motar.

Baba ya duba ya ce injin lafiyarsa lau, numfashi ne bai ishe shi ba. Ya je ya kwanto wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi daga wani mataccen injin ba da wuta. Turawa na ce masa turbo, shi kuwa zugazugi yake kiransa. Hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya hura wa injin iska, kamar yadda babana ke hura wa gawayi.

Amma bai ɗaura shi nan take ba. Sai da ya sa babana ya yanko fallen jan ƙarfe mai kauri, aka gasa shi ya yi laushi, aka shimfiɗa tsakanin injin da murfinsa. Na farko ya tsage. Na biyu ma. Da na uku ya zauna aka tada motar, sai ga shi ƙarfinta ya ma ragu.

Ernest, direban motar, ya ɗora hannu a ka. "Baba, mun kawo maka mai tari, ka mayar mana da gurgu!"

"Ernest, in za ka yi baƙi, ɗaki kake faɗaɗawa ko ƙofa kake turawa? Iska na zuwa. In ba ta sami wurin zama ba, bango za ta fasa."

Kai ne, Baba, ka yarda a yi maka dariya kwana tara, har masu lemo suna tambayarka lafiyar gurgu, ba ka yi gaggawa ba. Kai ne ka lanƙwasa bututun baƙin mai da hannunka, kana laluba da yatsa inda ido ya kasa, sannan ka ɗaura zugazugin. Sannu, mai jin ciwon ƙarfe.

Ranar gwaji, magatakardan asibitin ya ce a loda buhunan yashi. Innata ta ce, "Yashi ne ke haihuwa? Mu za mu hau." Mata tara suka shiga bayan motar, aka rasa ta goma, aka jawo ni da littafina a hannu.

A gindin tudun Ernest ya taka mai. Sai wani fito ya taso daga gaban motar, siriri, yana ƙara tsayi. Wata ta yi salati, Mama Celina ta kama addu'a da harshensu. Baba ya waiwayo ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, numfashi take yi." Muka wuce bishiyar ɗorawar da kullum motar ke mutuwa a gindinta. Da muka ga rufin ƙauyen farko, sai guɗa ta ɓarke.

Ernest ya kai hannu zai kashe mota, Baba ya buge hannun. "Ƙirga ɗari tukuna. Zugazugin na da zafi, bar mai ya zagaya shi ya huce." Muka ƙirga tare, har da magatakarda. Yau ma in ka ga Ernest ya tsaya yana motsa leɓe, ba addu'a yake ba.

Da damina ta zo, motar nan ce ta ɗauko Yaya Dije lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama. Yarinyar da ta haifa tana tafiya yanzu.

Mun gode, Baba. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sassauta maka ciwon ido. Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku abin da kowa ya fid da rai, ku saurare shi tukuna, kuma kada dariyar mutane ta sa ku gaggawa.

Ɗazu na bi ta garejin. Ana ta sallama, yana raba sifanunsa, ya miƙa wa babana mafi girma wai ya riƙa dogarawa. Na kwafe takardar nan da manyan baƙaƙe don idonsa, na sa ta ƙarƙashin hularsa a kan benci, na bi ta bayan motar Mama Celina na fice. Ernest na ciki yana ƙirga, bai gan ni ba.