Takalman Kawu a Bakin Ƙofa

Yau da safe wani tsoho ya zo ofishina neman sa hannu. Da zai tafi sai na hango shi sunkuye, yana laluben takalmansa a bakin ƙofa. Tun daga nan na kasa zaune na kasa tsaye. Marigayi kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Masinja ne a ofishin gwamnati nan Kaduna, ni kuwa sabon akawu, zancen mulkin kai ya cika mini kai. Duk sanda zai shiga wurin Bature sai ya tuɓe takalmansa na fata, ya jera su daidai, ya taka simintin nan mai sanyi da ƙafarsa duk faso. Abin yana ci mini rai.

Wata rana da la'asar muna tura kekunanmu zuwa Hayin Banki na ce, "Kawu, Indiya ta kuɓuce musu, ga Ghana ta bi. Mutanen nan ɗaure kayansu suke yi. Don Allah ka daina tuɓe masa takalmi."

Ya tsaya ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. "Shi kam tafiya zai yi, ɗana. Ku ne za ku hau kujerar. In ranar ta zo, ka leƙa bakin ƙofarka."

Bature ya tafi, na hau kujerar. Yau shekara nawa ke nan, ban taɓa ce wa kowa ya shigo da takalminsa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ƙafafun nan su taka Aljanna. Ni kuma Ya nuna mini gobe, in riga tsohon nan zuwa bakin ƙofa, in ce masa ya shigo da takalminsa.