Ƙanƙara a Ido Ɗaya

Shekarun baya, daidai lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, saura ƙiris a yi mini bulala a kan giyar da ko warinta ban sani ba. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina tayawa. A wancan lokacin kuwa ko na so yin murmushi fuskar ba ta yarda.

Ina koyarwa a wata firamare ta wajen Buji, ina zaune a Limawa cikin Dutse da mahaifiyata da iyalina. Da sassafe in hau tsohon babur ɗina in tafi, in dawo wajen la'asar. Ni ne kuma na'ibin liman a masallacin layinmu, in liman ba ya nan ni ke jan magariba. Allah Ya ba ni murya, kuma na san Ya ba ni, don har ɗan jan karatu nake yi in na ga sahu ya cika.

Abin ya faro ne daga ido. Da safe garau nake tashi, amma da rana ta yi tsaka sai fatar idona ta fara saukowa kamar mai jin barci. In na kai yamma ina ɗaga haɓa sama kafin in ga fuskar mutum. Na ce gajiyar hanya ce. Daga nan sai tauna ta fara ba ni wahala, in fara cin nama da marmari, kafin in kai yanka na uku muƙamuƙina ya gaji. Sai magana ta biyo baya. In na daɗe ina surutu, harshe ya yi nauyi, murya ta koma ta hanci. In na kwana na tashi kuma kamar ba a yi ba, shi ya sa ban je asibiti ba. Wa zai je gaban likita da safe yana lafiya lau ya ce a duba shi?

Wata ranar Laraba ina dawowa daga makaranta, na shigo gari, sai na hango amalanken shanu har guda biyu suna tafe gefe da gefe. Na yi dabara irin ta gwanin babur na ce bari in bi ta tsakaninsu. Ashe amalanken ɗaya ne, idona ne ya raba shi biyu. Sai ga ni a ƙasa, hula can, takalmi can, shanun ma tsayawa suka yi suna kallona. Ban ji ciwon kirki ba. Matsalar ita ce inda na faɗi, daidai gaban wata tsohuwar mashaya da aka rufe ba da daɗewa ba, wadda ake raɗe-raɗin ana ci gaba da sayarwa ta bayan gida.

Jama'a suka taru suka ɗaga ni. Ido a lumshe, ƙafa tana tangaɗi. Na buɗe baki zan ce lafiya lau nake, abin da ya fito ni kaina ban gane shi ba. Na ji wani a bayana ya ce, "Innalillahi! Na'ibi ne fa."

Kafin in turo babur ɗin zuwa gida labarin ya riga ni isa.

Da a ce na yi hankali da na kwanta na huta. Ina! Taurin kai ya sa washegari na shiga gaba a sallar magariba, wai don in nuna musu ba abin da ya same ni. Raka'ar farko ta tafi daidai. A ta biyu murya ta shige hanci, haruffa suka dinga zamewa, da ƙyar na kai sallama. Da na juyo ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Shugaban kwamitin masallacinmu wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gona, abokin marigayi mahaifina. Shi ya zo har zaure ya same ni. Ya ce, "Ɗana, ka ɗan dakata da shiga gaba. Magana ta yi yawa, yara masu zafin kai suna cewa a miƙa ta wurin alƙali. Na roƙa an bari sai Juma'a ta sama, bayan la'asar, mu zauna mu ji ta bakinka."

Na ce, "Baba Alhaji, kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ni abin da idona ya gani ne ya dame ni."

Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Bulalar ba ta tsorata ni kamar sunan ba. Malamin makaranta, na'ibin liman, a ce mashayi ne? Mahaifiyata ta daina zuwa suna da biki. Iyalina in ta fita ɗebo ruwa sai hira ta tsaya.

Ina da wani abokina tun na firamare, nas ne a babban asibiti, mutum mai tsokana kamar me. Ya zo da safe ya tarar da ni ina shan koko ido tar. Ya ce, "Kai da aka ce ka zama tantiri, na gan ka garau." Na ce ya dawo da yamma. Da ya dawo ya gan ni, tsokanar ta tsaya. Ya ɗaga yatsa sama da goshina ya ce in kafa masa ido kada in sauke. Ina kallo, ina kallo, fatar idon tana saukowa da kanta har ta rufe yatsan. Ya ce, "Malam, shirya. Gobe Kano za mu. Wannan ba aikin kwalba ba ne."

A Kano wata likita muka samu, ba ta da yawan magana. Ta sa na ƙirga da ƙarfi har muryata ta shige hanci, ta sa na ɗaga hannuwa har suka sauko. Sannan ta aika aka kawo ƙanƙara a ƙulle cikin leda, ta ɗora mini a kan idanu na ɗan lokaci. Da ta ɗauke sai idanun suka buɗe wal, na ga fuskarta sarai, har da ɗan tabon da ke gefen hancinta. Na ce, "Likita, wane irin siddabaru ne wannan?"

Ta yi dariya ta jawo kujera. Ta ce jijiyar da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa ba ta manne da tsoka ba, akwai ɗan fili tsakaninsu wanda ido ba ya gani. In umarni ya iso bakin filin, sai jijiya ta fesa wani sinadari, ya tsallaka ya sauka a kan wasu 'yan gurabe da ke jikin tsoka, aikinsu kawai karɓar wannan saƙon. In gurabe da yawa suka karɓa, tsoka ta motsa. Ta ce, "Kamar mai sallama a ƙofar gida ne, Malam. Jijiyarka tana sallama yadda ya kamata. Masu amsawa ne suka yi ƙaranci, don garkuwar jikinka ta yi kuskure tana toshe guraben, ta ɗauka baƙi ne."

Na ce to me ya sa da safe nake lafiya? Ta ce bayan hutu jijiya tana fesa sinadarin da yawa, ko gurabe kaɗan ne suka rage sai saƙon ya isa. In aka yi ta aiki, abin da ake fesawa yana raguwa, sai ya kasa. Akwai kuma wani sinadarin daban a cikin filin, shi aikinsa share saƙon da zarar ya sauka, don kada tsoka ta ƙage. Sanyi yana rage masa sauri, saƙon ya ɗan daɗe a wurin har ya samu mai karɓa. Ƙwayar da za ta ba ni ma aikin da take yi ke nan. Sunan ciwon mayastiniya, sunan mai kai saƙon asetilkolin. Na yi ta maimaita su a mota har Dutse kamar ɗan aji ɗaya.

Ta gaya mini gaskiya cewa ba warkewa ake yi kwata-kwata ba, lallaɓawa ake yi, kuma in na ji numfashi ko haɗiya na yi mini wuya in taho asibiti ba jira. Ta rubuta mini takarda. Na karɓa na gode, amma na san mutanena. Takardar Turanci daga Kano, wadda abokina ya raka ni karɓowa? Cewa za a yi haɗa baki aka yi. Baba Alhaji ya ce abin da idonsa ya gani ne ya dame shi, to sai idon nasa ya ga wani abin.

Kwanakin da suka rage ina shan magani ina jin daɗin jikina, amma na ƙi fita. Ranar Juma'a kuma na jinkirta ƙwayar rana da gangan. Abokina ya yi ta faɗa, ya ce likita ba ta ce a yi wasa da lokacin magani ba. Na ce yau ɗaya dai, kuma ga ka kusa da ni. Ya ce, "Wallahi in ka shiɗe a masallaci ban san ka ba." Duk da haka shi ya zagaye gari neman ƙanƙara, don an kwana biyu ba wuta, da ƙyar ya samo wani ɗan dunƙule wurin masu sayar da zoɓo a unguwar Yalwawa, ya naɗo shi cikin tsumma.

Bayan la'asar aka zauna a harabar masallaci. An ce kwamiti ne kawai, amma har kan katanga mutane ne. Na iso yadda suka saba ganina, haɓa a sama, ido a lumshe. Na ji ana ƙus-ƙus, wai yau ma ya sha ya zo. Na yi bayani iya yadda harshe ya bari, abokina ya ƙarasa. Ya kwance tsumma ya fito da ƙanƙara.

Wani matashi cikin masu zafin nan ya miƙe. Ba mugu ba ne, yaro ne mai kishin addini, kuma abin da ya faɗa akwai hankali a ciki. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kowa ya san ko mashayi aka watsa wa ruwan sanyi yana wartsakewa. Wannan ba hujja ba ce."

Wuri ya ɗauki "haka ne, haka ne." Ni dai ban shirya wa wannan ba. Abokina ma na ga ya tsaya da ƙanƙara tana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Can sai Allah Ya kawo mini dabara. Na kama hannunsa na ce, da wannan muryar tawa ta hanci, "Ido ɗaya. Sa a ɗaya kawai."

Ya ɗora a na dama. Sanyin ya ratsa ni har cikin kai, ruwa yana bin kumatuna yana jiƙa rigar Juma'ata. Da ya ɗauke, idon dama ya buɗe tar, na hagu yana nan a lumshe abinsa. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya da wannan ido guda, kamar zakara yana kallon shaho.

Baba Alhaji ya taso da sandarsa, ya sunkuyo har ina jin ƙamshin goron bakinsa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama. Ya miƙe ya juya wajen jama'a ya ce, "Jama'a, na kwana biyu a duniya. Ban taɓa jin mayen da ke sakin ido ɗaya ya riƙe ɗaya ba."

Wani ya fashe da dariya, wani ya yi kabbara, sai wuri ya kaure. Ni kuwa na haɗiyi ƙwayata a gabansu, na ce kowa ya zauna, ba inda za a je. Muka zauna ana ta tambayar abokina, shi kuma ya samu fili yana ta zuba bayani kamar shi ne likitar. Kafin rana ta faɗi idon hagu ya bi ɗan'uwansa, harshe ya saki. Matashin nan ya zo ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, amma ya sani tambayarsa ce ta cece ni. Da aka tayar da iƙamar magariba, liman da kansa ya ja da baya ya tura ni gaba. Na karanta doguwar sura, kuma Allah Ya sani na ja ta yadda raina yake so.

Har yau ina tare da ciwon. Akwai ranakun da yake kayar da ni, an taɓa kwantar da ni ma, kuma babur tuni na haƙura da shi. Amma tun daga lokacin, in na ga mutum yana tangaɗi ko maganarsa tana zamewa, bakina ba ya saurin yanke masa hukunci. Nakan tuna cewa tsakanin niyyar mutum da motsin fatar idonsa akwai wani ɗan fili da saƙo zai tsallaka, kuma ba kullum yake isa ba. Mutanen layinmu ba ƙarya suka yi mini ba, abin da suka gani suka faɗa. Fassarar ce ta kuskure.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai a gida ya faru, bayan na dawo daga wannan magaribar. Na tarar da mahaifiyata a kan tabarma tana jan carbi, labari ya riga ya iso mata. Na zauna na ce, "Inna, ke kaɗai ce ba ki taɓa tambayata ko ina sha ba."

Ta ci gaba da jan carbinta. Ta ce, "Me zan tambaye ka? Kullum ka tuɓe riga sai na ɗauka na shinshina. Ban taɓa jin komai ba sai warin alli da fetur." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tashi ka ci tuwo tun bakin yana aiki."