Jan tabo a kuncin 'yar yayata

Ina shekara ta biyu a makarantar ungozoma yayata ta haihu a gidan mijinta, nan Zongo, kusa da layin dogo. Yarinya ce ƙosasshiya. Sati biyu bayan suna wani ɗan ja ya fito mata a kunci, ƙarƙashin idon hagu, kamar cizon sauro. Kafin ta cika wata uku ya tasa, ya kusa girman goro, jajawur.

Ni na san abin, kuma wannan sanin ne ke cin raina har yau. A makaranta malamarmu ta taɓa fasa mana ƙwan da kaza ta kwana uku a kansa. Muka ga jajayen zare sun bazu a kan gwaiduwa, da wani ɗan ɗigo a tsakiya yana bugawa. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin halitta a jikin ɗan tayi waɗanda aikinsu su taru, su jeru, su zama hanyoyin jini. Wani lokaci kaɗan daga cikinsu ba sa tsayawa bayan haihuwa, sai su yi ta saƙa a wuri ɗaya har su yi curi. Yakan girma, sannan ya sace da kansa. Na goya yarinyar na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce haka ne, tunda bai rufe ido ba kada kowa ya taɓa.

Sai surukin Yaya ya sauko daga arewa da motar shanu. Falke ne, dattijo mai fara'a, kuma ya yi suna wajen lalas: saniya ta yi kumburi a gwiwa, ya sa ƙarfe a wuta ya ɗana mata, ta miƙe. Ya karɓi jikarsa, ya juya fuskarta wajen haske, ya ce, "Mataccen jini ne. Ƙarfe ɗaya ya ishe shi."

Na ce, "Baba, jini ne mai rai. Hanyoyi ne suka yi yawa. A bar shi, zai tafi."

Ya yi dariya. "Kamarad likita! 'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake wannan aiki."

"A jikin shanu, Baba."

Da yamma mahaifiyarmu ta sa na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Na durƙusa, amma ban janye magana ba. Na ja Yaya ɗaki na sa ta rantse ba za ta yarda ba. Na ƙudura zan tare a gidan har motarsa ta koma.

Amma zamanin juyin juya hali ne. Duk Asabar ana kwashe mu ɗalibai zuwa gonar makaranta, a kira suna, wanda bai amsa ba a rubuta shi cikin maƙiya ci gaba. Na roƙi shugaban ajinmu ya ɗaga mini na wannan Asabar, ya ce rogon al'umma ya fi ƙurjin jariri. Na tafi na wuni ina cirar ciyawa ina tsine wa rogon.

Da la'asar na dawo. Tun daga zaure na ji ƙauri. Yarinyar na kwance a cinyar uwarta, muryarta ta dushe, buɗe baki kawai take yi. An shafe kuncin da man shanu da toka, jini na ɓulɓulowa ta ƙarƙashi.

Na ce, "Yaya, wa ya riƙe ta?"

Ba ta ɗago ba. "Ni ce. Da ni da babu ni za su yi. Na ji tsoron wata ta riƙe ta, ta motsa, ƙarfen ya sami ido."

Na fita tsakar gida na zazzage wa dattijon nan abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Shi kuwa yana alwala abinsa. Aka hana ni shiga gidan, sai Yaya ta riƙa kawo mini yarinyar gidanmu a ɓoye ina wanke ciwon. Ya yi ruwa, ya daɗe bai kame ba. Da ya warke, tabon ya janyo fatar idon ƙasa, idon ya riƙa zubar da hawaye ko tana dariya. Gefen da ƙarfen bai kai ba ya dushe kafin ta shiga lakwal, wato makarantar boko, fatar wurin sumul. Zongo kaf aka ce hannun Alhaji, surukin Yaya, akwai albarka.

Ranar da ya rasu yarinyar ta riga ta zama babbar mace. Muna zaune wurin gaisuwa ta matso kusa da ni, tana goge idon da bakin gyale, ta ce, "Tanti, da ba don Kaka ba, ai da abin nan ya cinye mini fuska, ko?"

Na dubi Yaya. Ta tsufa, carbi a hannunta, ta kafe ni da ido tana roƙo. In na faɗi gaskiya, sai na faɗi wadda ta riƙe ta.

Na ce, "Allah ya jiƙansa." Na tashi na fita, don kada bakina ya ƙara wani abu.